Farin Wada da Mutanen Kan Hanya

Ranar da saƙon ya shigo wayata, ina sauka daga hafila, motar hayar nan, a unguwarmu Hajj Yusuf da ke Khartum na tari raksha, keken nan mai ƙafa uku, ni da kullum a ƙafa nake ƙarasawa gida saboda rowa. Malamar da ke duba aikina daga nesa ce ta rubuto. An ba ni gurbi a wurinsu, a ƙasar Chile, in je in ƙarasa karatuna a gindin babban madubin hangen taurarin da ake aiko mini da bayanansa. Ta ce in ba su amsa kafin wata ya ƙare, don akwai wani a bayana yana jiran in yi sanya.

Wannan duk kafin yaƙi ne, lokacin da babbar damuwarmu ita ce ɗauke wuta da layin burodi.

Na tarar da mahaifina a tsakar gida, zaune a bakin angarib, gadon igiyar nan namu, yana goge baƙin mai daga hannunsa da tsumma. Makanike ne a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masu gareji, manyan motoci yake gyarawa, kuma duk danginmu babu wanda ya tsaya wa karatuna kamarsa. Shi ne ya rufe bakin masu cewa mace in ta yi nisa a lissafi haukacewa take yi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Na durƙusa a gabansa ina haki, na karanta saƙon, na juya masa shi da Hausa, inda Hausar ta ƙare na cike da Larabci. Na zaci zai miƙe ya kira maƙwabta.

Sai ya ninke tsumman ya ce, "Uwata, wannan Chile ɗin, gabas ce ko yamma?"

Na yi dariya, don na ɗauka tsokana ce. Na ce, "Yaba, yamma ce. Yamma sosai, sai an wuce Najeriya an haye teku."

"To, ba za ki ba."

Wallahi ji na yi kamar an kwara mini ruwan tulu a tsakiyar baya. Na dube shi ina jiran ya ƙarasa, ko ya yi murmushi, ko ya ce wasa yake. Ya ɗauki butarsa ya tafi alwala.

Mu mutanen kan hanya ne. Kakanmu, mahaifin Yaba, ya baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar aikin hajji. Guzuri ya ƙare masa a Jazira ta ƙasar Sudan, ya tsaya tsinkar auduga don ya tara na gaba. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya matso Khartum, ya rasu bai ga ko bakin teku ba. Amma bai taɓa yarda an ce ya zauna ba. In an tambaye shi, cewa yake yi zango ya ɗan yada. Haka Yaba ya gada. A nan aka haife shi, bai san ko ta ina ake shiga garin kakanmu ba, amma in wani ya ce masa, "Ya zol, inta min wen?" wato malam, daga ina kake, sai ya amsa cewa mu alhazai ne, muna kan hanya. Gidanmu na laka ne, duk damina sai an yi masa yaɓe, kuma ba rashin hali ne ya hana shi jan bulo ba. A wurinsa matafiyi ba ya gina abin da zai yi masa wuyar bari.

Duk wannan na sani tun ina ƙarama, na kuma ɗauke shi irin al'adun tsofaffi da ba sa cizon kowa. Abin da ban taɓa ɗauka da gaske ba shi ne wasiyyar da kakanmu ya bari, cewa kada jininsa ya juya fuska yamma sai ya sauke farali. Ban taɓa ganin ta hana wani wani abu ba, domin wa yake da abin yi a yamma? Duk tafiyarmu Madani ce, ko Gadarif, ko Kasala, in an yi nisa Bur Sudan, duk ta ɓangaren gabas. Ko Omdurman da ke hayin kogi ta yamma, Yaba cewa yake yi cikin gari ne, ba a lissafa shi.

Ni kuwa ba na haɗiye magana, kowa ya sani. Da ya dawo daga masallaci na tare shi. Na ce to bari in yi umara in wuce. Ya ce umara ba farali ba ce. Na ce hajji sai bayan watanni, gurbin kuma ba zai jira ni ba. Ya ce abin da yake rabona ba zai wuce ni ba. Na ce duniya ai mulmulalliya ce, in na bi ta gabas na yi ta tafiya, can ma zan ɓulla Chile.

"Kada ki yi mini wayon 'yan boko," in ji shi. "Allah ya san inda kika nufa. Ki yi haƙuri, Uwata. Za mu je gaba ɗaya, mu sauke, sannan ki tafi inda kike so. Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba," na ƙarasa masa.

Yumma, mahaifiyata, ta saki ludayin da ke hannunta. Yayana ya zare mini ido, ƙanwata ta sulale ɗaki. 

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ya san aikin nan. Ba a duhu ya hana ni ba. Tun da na fara shi, kusan kullum bayan cin abinci sai ya ce in ba shi labarin taurarina.

Akwai taurarin da in man su ya ƙare ba sa ɓacewa, sai su tsuke su koma kamar garwashi, ƙanana, farare, masu nauyin gaske. Girman irin wannan bai fi na duniyarmu ba, amma nauyinsa ya kai na rana. Shi muke kira farin wada. In yana da maƙwabcin tauraro a kusa, sai ya riƙa zuƙar jikin maƙwabcin, ko su biyun su haɗe, har abin ya fi ƙarfinsa ya tarwatse baki ɗaya. Hasken wannan fashewa kusan ƙarfi ɗaya ne a duk inda ta faru, shi ya sa masana ke auna nisan sararin samaniya da ita. Wadda ta dusashe tana nesa, wadda ta haska tana kusa. To amma in fashewar ba mulmulalliya ba ce, in ta fi zubowa ta gefe ɗaya, ashe haskenta zai danganta da gefen da ta juyo mana, awon kuma ya sami tangarɗa. Tambayata ke nan: wace siffa fashewar take da ita?

Matsalar ita ce ko a madubi mafi girma, ɗigo ɗaya kawai ake gani. Babu gefe, babu tsakiya. Sai dai a tambayi hasken kansa.

Kakata, mahaifiyar Yaba, wadda muke kira Habboba, ita ta tilasta mini na koyi faɗin wannan da Hausa, don ba ta yarda a yi Turanci a kanta. Na ce mata hasken fitila ko na rana kamar mutanen kasuwa ne, kowa da inda ya sa gaba. Amma in haske ya bugi wani abu ya dawo, wani sashensa yakan daidaita ta fuska ɗaya kamar sahun salla. Na ɗebo ruwa a kwano na ajiye a rana, yana ƙyalli har ba a ganin gindin kwanon. Na ba ta wani ɗan gilashi mai duhu da muke tace haske da shi, na ce ta leƙa ruwan tana juya gilashin a hankali. Da ta kai wani wuri sai ƙyallin ya ɗauke ɗif, ga furannin gindin kwano tangaran. Ta yi salati ta jefar mini da gilashin.

Haka fashewar take. Hasken da ke fitowa daga cikinta yana bugun tarkacen da ke watsuwa, ya yi sahu. Kowane gefe da inda sahunsa ya fuskanta. In fashewar mulmulalliya ce, wannan gefen zai kashe wancan, babu abin da zai rage. In kuwa ta karkace, wani ɗan sahu zai yi saura, ƙanƙane ƙwarai, kuma wannan saura muke farauta. Sai an yi sauri kuma, a kwanakin farko, lokacin da ɓawon waje yake da kauri. In aka makara ya baje, sai cikin kawai za a gani.

Habboba ta ce, "Ke takwara, wato shi tauraron ya mutu tuntuni, haskensa ne bai iso ba sai yanzu?"

Na ce, "Tun kafin a san za a yi Khartum ya taso."

"To ashe ɗan gidanmu ne. Uban ya mutu, 'ya'yan na hanya."

Ranar har da Yaba a dariya. Shi ra'ayinsa a yanke yake: babu abin da ke fashewa daidai wa daida. Ya ce shekarunsa nawa yana ganin tayoyin manyan motoci, kowace ta gefen rauninta take tashi. Na ce tauraro ba taya ba ne, sai an auna. Ya ce in auna, zan dawo in same shi a inda yake. Wannan musun mun yi shi ya fi a ƙirga, muna jin daɗinsa. Mutumin da ya yi wannan musun da ni shi ne yanzu yake tambayata gabas ko yamma.

Da na ga kwanaki na tafiya, sai na shirya na haye kubri, gadar kogin nan, zuwa Omdurman, wurin Baffa, yayan Yaba. Shi kaɗai ne a gidanmu ya taɓa sauke farali, kuma Yaba ba ya ɗaga ido a gabansa. Na ce in ya sa baki, magana ta ƙare.

Gidan Baffa na jan bulo ne, da ƙofar ƙarfe mai fenti. Jikokinsa suka tarbe ni da Larabci, don babu mai jin Hausa a cikinsu in ban da "sannu" da "tuwo". Na same shi a ƙarƙashin rumfa ana zuba masa jabana, gahawar nan mai citta. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai, har da abin da ban yi niyyar faɗa ba. Na ce shekara nawa muna jin za mu, za mu, alhali ko kuɗin jirgin ruwa ba a taɓa tarawa ba. Na ce ni za a ɗaure da talaucin da ba ni na jawo shi ba.

Baffa ya ajiye ɗan kofinsa ya ce, "Talauci? Ya bitti, 'yata, wa ya ce miki talauci ne?"

Na ɗago na dube shi.

"An ba ubanki kujera. Wani ɗan kasuwa da yake gyara wa motoci ya biya masa komai, jirgi da masauki har da hadaya. Kina goye a lokacin. Ya yi godiya, ya kwana biyu, ya je ya miƙa wa ladanin unguwarku, wai ya girme shi. Bayan shekaru ni ma na ce zan kai shi. Ya ce mini ba a kira shi ba tukuna."

Na ce, "Baffa, Yaba?"

"Shi fa."

Allura ta tono garma. Na zauna daɓas a kan tabarma ba tare da an ce in zauna ba. Wannan mutumin da in ana nuna ɗawafi a talabijin hawaye ke zubo masa har gemu? Wanda duk shekara yake raka maniyyata har bakin mota yana cewa su yi masa addu'a Allah ya kira shi?  Na ce to me ya sa, don Allah me ya sa?

Baffa ya ɗauki carbinsa. Ya ce, "Saboda ya ga abin da ya same ni. Na je na dawo, aka yi walima, aka yanka rago. Ba a yi wata ba mutane suka fara tambayata, to Alhaji, hanya ta ƙare, yaushe za ka koma ƙasarku? Wasu da wasa, wasu ba da wasa ba. Sai na ce bari in je in ga ƙasar tamu. Na nemi garin tsohonmu har na samu. Suka karɓe ni hannu bibbiyu, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma in na buɗe baki yara dariya suke yi, suna cewa ga Balarabe. Gonar da ake faɗa mana an raba ta tun kafin a haife ni. Kowa kirki yake yi mini irin wanda ake yi wa baƙo, yana jiran ranar tafiyata. Na dawo nan. Can ni ɗan Sudan ne, nan ni ɗan Najeriya ne, kuma ba ni da sauran cewa ina kan hanya. Khalas, shi ke nan."

Na ce, "To ai ka zauna lafiya. Ga gidanka, ga jikokinka."

"Na zauna," in ji shi. "Ki tambayi ɗayansu sunan kakana."

Na roƙe shi duk da haka ya yi wa Yaba magana. Ya girgiza kai ya ce shi ya sauka daga hanyar, bakinsa ba ya shiga wannan zance. Ya sa aka zuba mini jabana. Ban iya sha ba.

Daga can ban nufi gida ba. Mantiƙa Sinaiya na wuce, da tsakar rana, da fushina. Ban taɓa zuwa garejin Yaba ba a irin wannan hali. Ƙarar guduma da injin walda ta cika ko'ina, ƙasa duk baƙin mai, gefen tobina, lulluɓin nan namu, yana sharar ta ban kula ba. Na hango ƙafafunsa a ƙarƙashin wata babbar mota. Ko sallama ban yi da kyau ba.

Na ce, "Yaba, an ba ka kujera ka ƙi."

Ƙarar sifana ta tsaya. Ya jawo jikinsa ya fito, ya zauna a ƙasa yana kallona daga nan.

"Kin je Omdurman."

"Na je. Ba kan hanya muke ba, Yaba. Ba mu taɓa zama kan hanya ba. Ka rufe gabas da hannunka, ka ce kuma ba a zuwa yamma sai an je gabas. To ni ina zan bi? Sama?"

Na shirya wa tsawa. Na shirya har wa mari, abin da bai taɓa yi mini ba. Abin da ban shirya masa ba shi ne in ga sifana tana rawa a hannunsa. Wannan hannun da ke kwance ƙusar da matasa biyu suka kasa. Ya ajiye ta a ƙasa don kada in gani, amma na riga na gani.

Ya ce, a hankali, "Tun ina yaro a garin nan ake tambayata daga ina nake. A makaranta, a wurin yin takarda, a bakin wanda na gyara wa mota in ba ya son biya. Ubana ya bar mini amsa guda ɗaya, wadda in na faɗa ko mai raini sai ya ce Allah ya isar. Ita nake ci, ita na ciyar da ku. Yanzu kina so ki karɓe ta?"

Na ce, "Ni ba amsarka nake so ba. Tafiyata nake so."

"Abu ɗaya ne, Uwata."

Ya koma ƙarƙashin motar. Na tsaya a rana kamar wadda aka dasa, har wani direba ya ce in matsa zai yi baya. Har yau ban ce abin da na faɗa ƙarya ne ba. Amma na tsorata, don ban taɓa sanin uba ma yana da abin da yake tsoro haka ba.

Gida ya yi tsit na kwanaki. Ina gaishe shi yana amsawa, shi ke nan. Yumma tana bina da harara. Ban rubuta wa malamata eh ba, ban rubuta a'a ba, kuma watan yana ta ƙarewa. Na san abu ɗaya: ba zan hau jirgi ba tare da albarkarsa ba, duk tsiwata.

Ana cikin haka wani farin wada ya tashi. Wato haskensa ya iso. Masu sintirin sama suka hango sabon ɗigo a gefen wani gungun taurari mai nisa, mutanen Chile suka juya babban madubin kansa tun da wuri, malamata ta turo mini bayanan ta ce in gwada hannuna. Na tare a ɗakin kwamfutocin jami'a. Wuta ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa, ina tsine wa kowa da komai. Aikin na haƙuri ne: sai ka cire sahun da ƙurar hanya ta ƙara wa hasken, ka cire na na'urar kanta, sannan ka ga ko akwai abin da ya rage na tauraron. Na cire, na sake cirewa, ina tsoron kada son zuciya ya nuna mini abin da babu. Saurar tana nan. A awon farko ta fito sarai, a na bayansa ta ragu, a na ƙarshe kusan babu. Ɓawon waje ya karkace, cikin kuwa ya fi kusa da mulmulalle.

Na jingina da kujera ina kallon layin nan a fuskar kwamfuta. Abin da ya faru tun babu kowa, a nisan da hankali ba ya ɗauka, ni 'yar makanike daga Hajj Yusuf na san ta yadda ya yage. Mutum ɗaya nake so in gaya wa, kuma ba ma magana.

Da yamma ana cin kisra, wainar dawar nan mai fale-fale, da miyar kuɓewa, sai na fuskanci Habboba na ce da ƙarfi, "Habboba, wani ya fashe. Na auna shi. A karkace yake."

Habboba ta ce, "Allah ya ji ƙansa."

Yaba bai ɗago ba. Ya kai loma, ya tauna, ya haɗiye. Can sai na ji ya ce, kamar da kwanon yake magana, "Duka, ko ta gefe?"

"Ta waje ne. Cikin ya fi daidaita."

"Taya ma haka take. Ƙarfen ciki ba ya motsi."

"Ba taya ba ne, Yaba."

"Kin dai auna kin dawo."

Ƙanwata ta ƙyalƙyale da dariya, Yumma ta daka mata duka a cinya. Yaba ya wanke hannu, ya tambaye ni ko da ina can da na fi ganinsa da kyau. Na ce ba ganin ba ne, da ni zan zaɓi wanda za a duba da lokacin da za a duba shi, ba in jira ragowar wasu ba. Ya gyaɗa kai. Ya miƙe, har ya kai bakin zaure, sannan ya juyo.

"Ki amsa musu. Ki ce kina zuwa. Allah ya yi miki albarka."

Ban san lokacin da na yi ihu ba. Na rungume Yumma, na rungume ƙanwata, na rubuta amsar nan take. Mamaki ya cika ni yadda katangar da na yi ta dukan kaina da ita ta faɗi da kanta haka kawai. Na ce a raina ashe gaskiya ce ta yi aiki, ashe tsiwa ma tana da rana. Habboba kaɗai ce ba ta taya ni murna ba. Ta dube ni ta ce, "Takwara, kin san abin da ya ba ki kuwa?" Na ce izini. Ta ja tsaki ta juya fuska bango.

Juma'ar da ta biyo baya na gane.

Akwai addu'ar da ake yi a gidanmu duk Juma'a bayan la'asar, tun zamanin kakanmu. Ana shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kowa ya zauna, mai gida ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya isar da mu Ɗakinsa. Ba a jimla yake yi ba. Ɗaya bayan ɗaya yake bi, daga babba zuwa ƙarami, kowa da sunansa, in ya ambaci mutum ya ce Allah ya kai shi, mu amsa da amin, sannan ya wuce na gaba. Tun ina jaririya nake cikinta. Na sha yin gyangyaɗi a cikinta, na sha amsa amin hankalina yana kan lissafi. Ranar ma haka na zauna, ina tunanin rigar sanyi da inda zan samo ta a Khartum.

Ya fara da Habboba, muka ce amin. Ya ambaci kansa, amin. Yumma, amin. Yayana, amin. Na ɗan gyara zama, don bayan yayana ni ce, kuma ya saba cewa, "Da uwata, Allah ka kai ta."

Sai na ji sunan ƙanwata.

Babu wanda ya amsa. Bakin kowa ya saba da jerin, kowa ni yake jira. Na ɗago da sauri ina cewa mantuwa ce, tsufa ne, yanzu zai dawo. Na dube shi. Idonsa a buɗe yake, yana kan tafukan hannunsa, muryarsa kuma ba ta yi tuntuɓe ba ko kaɗan. Wanda ya manta yakan ɗan tsaya. Shi bai tsaya ba. Ya riga ya gwada faɗinta haka shi kaɗai, a wani wuri, har ta zauna masa a baki.

Ashe bai karya wasiyyar ubansa ba. Ni ya sauke daga hanya don in wuce.

Ni da na tsaya a tsakiyar gareji na ce hanyar ƙarya ce, ji na yi an zare ƙasa daga ƙarƙashina. Na so in ce, Yaba, ka tsallake ni.  Yumma ta ja gefen tobinta ta rufe fuska. Ƙanwata tana kallona, idonta ya cika, kamar ita ta ƙwace mini wuri.

Yaba ya jira. Da ya ji shirun ya yi yawa, sai ya sake ambaton sunan ƙanwata, ya ɗan ɗaga murya. "Allah ka kai ta."

Habboba ce ta fara cewa amin, sauran suka bi. Ni ma na ce amin, don ƙanwata ce.